Injin burodi a gida: a yi lissafi kafin a zaro kuɗi

Kuɗin burodi na cikin kuɗaɗen da ke fita daga gida kullum ba a jin zafinsu, sai ƙarshen wata an zauna lissafi a ga sun yi yawa. Gidan da ke da yara 'yan makaranta, a Kumasi yake ko Kwatano, Duwala ko Injamena, da wuya gari ya waye ba a aiki yaro kanti ba. Tun daga 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin alkama a duniya, kowa ya ga abin da ya biyo baya: ko kuɗin burodi ya hau, ko shi burodin ya ƙanƙance, ko duka biyun. Mu nan Ghana ba a noman alkama, ta jirgin ruwa take zuwa a niƙa ta a Tema da Takoradi, don haka duk girgizar da dala ta yi sai mun ji ta a kofin shayi.

Wannan ya sa injin burodi na gida ya fara shiga kayan da 'yan kasuwarmu ke haɗowa daga Dubai da Guanzu, yana kuma yawaita a shagunan kayan gwanjo. Ni ina Kumasi, ina sayar da atamfa da leshi, kuma shekarata huɗu ina amfani da injin nan. Kusan duk suna ko biki sai wata ta ja ni gefe: "Hajiya, in saya ne?" Amsar ba ta cika zama ɗaya ba. Akwai gidan da injin zai mayar da kuɗinsa, akwai gidan da zai ƙare a saman kabad yana shan ƙura. Bambancin na fitowa ne daga abu uku: irin wutar gidan, yawan bakunan da za su ci, da kuma ko za a yarda a riƙa auna kaya da sikeli.

Mene ne injin, me yake yi?

Akwati ne kamar girman ƙaramar kula. A cikinsa akwai gwangwani mai hannu da ake cirewa, a gindin gwangwanin akwai ɗan ƙarfe mai kama da fiffike wanda ke juyawa yana murza kwaɓi, a kewaye kuma akwai ƙarfen da ke ɗaukar zafi irin na hitar ruwa. Za ki zuba ruwa da fulawa da sauran kaya, ki rufe, ki danna. Shi zai kwaɓa, ya bar shi ya tashi, ya sake bugawa iskar ta fita, ya bari ya ƙara tashi, sannan ya gasa. Duka aikin awa 3 zuwa 4 ne, amma gashin kansa kimanin awa ɗaya ce ta ƙarshe.

Kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, shi ya fara fito da shi kasuwa. Injinan gwajinsu na farko ba su iya murza kwaɓi yadda ya kamata ba, sai wata ma'aikaciyarsu mai suna Ikuko Tanaka ta je ta zama 'yar koyo a hannun babban mai burodin wani otal a birnin Osaka, ta lura da yadda yake murɗa kwaɓin yana miƙar da shi, aka kwaikwayi wannan a cikin injin. Don haka aikin hannun mai burodi ne injin ke yi, amma ba shi da ido. Duk abin da kika zuba masa, daidai ko ba daidai ba, shi zai gasa miki.

A sani kuma tun yanzu, burodin da yake fitarwa guda ɗaya ne mai kusurwa huɗu, da ɗan rami a ƙasa inda fiffiken ya zauna. Ba zai ba ki doguwar baget mai ƙaras-ƙaras irin ta Yamai ko Yawunde ba, ba kuma zai ba ki burodin Agege mai danƙo sak ba, don wancan da wani babban injin matsa kwaɓi ake yin sa. Abin da yake kusa da shi shi ne bota burodi da shuga burodi irin namu na Ghana.

A fara duba wuta

Kafin a tambayi farashi, a kifa injin a karanta takardar da ke manne a ƙasansa ko a bayansa. Ƙasashenmu duka, Najeriya, Nijar, Ghana, Togo, Benin, Kamaru da Cadi, wutarsu bolt 220 zuwa 240 ce. Injin da aka yi wa Ingila, Faransa, Jamus, Dubai ko Sin zai yi aiki a nan kai tsaye. Wanda aka yi wa Amurka ko Kanada bolt 120 yake ci, na cikin gidan Japan kuma bolt 100. Idan aka jona irin wannan a soket ɗinmu, nan take yake ƙonewa. Wata maƙwabciyata ɗan'uwanta ya aiko mata da wani mai kyau daga Amurka, yaranta suka sa masa adafta suka jona cikin ɗoki. Ƙara ɗaya ya yi, sai hayaƙi. Adafta siffar filogi kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta. In dai dole sai na Amurkan, to sai an haɗa shi da taransifoma mai sauke wuta wadda ta fi injin ƙarfi sosai, misali ta wat 1,000 ga injin wat 600. Ni shawarata a bar shi, don kuɗin taransifomar da hatsarin ranar da wani zai manta da ita sun cinye arahar.

Filogi ƙaramar matsala ce. Ghana da Najeriya mai ƙafa uku irin na Ingila muke amfani da shi, ƙasashen sefa kuma mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Mai gyaran wuta zai canza shi cikin minti biyar, kuma hakan ya fi adafta mai sako-sako da ke yin zafi.

Sai babbar tambaya: wutar unguwarku tana zama awa huɗu a jere? Wanda ya zauna a Ghana a 2015 ya san dumso, kuma 'yan'uwanmu na wasu garuruwan har gobe a ciki suke. Yawancin injinan suna iya tuna inda suka tsaya idan wuta ta ɗauke na 'yan mintoci, galibi 10 zuwa 15. In ta wuce haka, shirin ya goge. Don haka a nemi injin da ke da shiri biyu na musamman: na kwaɓi zalla, wanda aka rubuta wa Dough, ko Pâte a injinan Faransa, da na gashi zalla, wanda aka rubuta wa Bake ko Cuisson. Da waɗannan biyun, ɗaukewar wuta ba ta zama asarar fulawa. Kwaɓin zai ci gaba da tashi a cikin gwangwanin ko babu wuta, in ta dawo a kan kari sai ki danna gashi zalla. In ba ta dawo ba, ki juye shi ki gasa a oben na gas, ko ki turara shi kamar alkubus. Injin da ke da shiri 19 amma babu gashi zalla, wanda ke da 8 da shi a ciki ya fi shi amfani a wajenmu.

Ƙarfin yawancinsu wat 450 zuwa 700 ne, kuma ba ci ɗaya suke yi daga farko har ƙarshe ba, don lokacin tashin kwaɓi kusan hutawa suke. Burodi ɗaya bai cika cin rabin yunit na mita ba. Janareta matsakaici zai ja shi. Ƙaramin nan da ake kunnawa don fitila da talabijin kuwa, in an ɗora masa injin da firji a tare, kuka zai fara. Masu sola su tambayi wanda ya haɗa musu ko inbatarsu na ba da wuta mai tsafta irin ta gwamnati, don mai arahar na sa mota ta yi zafi, tana kuma rikita ƙwaƙwalwar injin. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ba ado ba ce.

Baki nawa ne a gidan?

Injinan suna zuwa da girma daban-daban, ana rubuta nauyin burodin da suke fitarwa: gram 500, gram 750, gram 900 ko kilo 1, wasu manya har kilo ɗaya da rabi da fiffike biyu. Burodin gram 900 yana ba da yanka 12 zuwa 14. Mu bakwai ne a gidana, guda ɗaya yana isarmu kari ɗaya in akwai koko ko ƙwai a gefe. Gidan da ke da mutum goma sha biyar, ga baƙi daga gida ba sa yankewa, ga yaran shago, sai an kunna sau biyu ko uku, kuma injin ba ya yarda ya fara sabon zagaye sai ya huce. Irin wannan gidan oben ya fi dacewa da shi, injin ya tsaya a aikin kwaɓi.

Masu tambaya ta ko za a iya sana'a da shi, gaskiya a'a. Daga asuba zuwa magariba burodi uku ne, in an matsa huɗu. Ko teburin mai shayi ɗaya ba zai riƙe ba.

Lissafin riba kuwa kowa ya yi shi da kuɗin garinsa, sidi ne ko sefa ko naira. Kilo ɗaya na fulawa burodi biyu ne. Buhun kilo 50 burodi 100 ke nan. Fakitin yis na gram 500 shi ma zai yi burodi 100, tunda gram 5 ake sa wa kowane. A ƙara suga, mai, madara da rabin yunit na wuta, a fitar da kuɗin burodi ɗaya. Sai a ɗora burodin kanti a sikeli a kwatanta nauyi da nauyi, don burodin kanti yakan yi girma a ido alhali iska ce. Abin da ya rage a tsakani, a raba kuɗin injin da shi, za a ga burodi nawa za a gasa kafin ya biya kansa. Wanda ke sayen fulawa da buhu ko rabin buhu, kuma gidansa na cin burodi kullum, lissafin zai yi masa daɗi. Wanda ke auno fulawa kofi-kofi, yana cin burodi sau biyu a mako, da wuya.

Akwai kuma ribar da ba ta shiga lissafin kuɗi. Kin san abin da ke cikin burodin 'ya'yanki. Akwai sinadarin buromet da wasu gidajen burodi ke sawa don ya kumbura ya yi laushi. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta haramta shi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili saboda zargin yana iya jawo ciwon daji. Mai hawan jini ko ciwon suga a gidan kuma, a nan ne za a iya rage masa gishiri da suga yadda likita ya ce.

Sabo ko na gwanjo?

Sabo yana zuwa da littafinsa, kofin awo, cokalin awo da ɗan ƙugiyar zaro fiffike. Maigida in a Guanzu za ka saya, ka tabbatar rubutun madannan Turanci ne ko Faransanci, don wanda aka yi wa 'yan cikin gida da rubutun Sinanci yake zuwa. Ka kuma haɗo da fiffike biyu na ajiya da bel ɗaya. Ƙananan abubuwa ne marasa nauyi, amma rashinsu ne ke kwantar da yawancin injinan da nake gani a gidajen mutane.

Na gwanjo sau da yawa kusan sabo ne, don Turawa kan saya su yi amfani da shi 'yan watanni su gaji. Amma kada a biya sai an gwada a gaban mai shago. A duba fiffiken yana nan, kuma nasa ne, ya zauna daram a kan sandarsa. A duba cikin gwangwanin, in baƙin shafen da ke hana kamu ya kankare sosai, burodi zai riƙa mannewa. A zuba ruwa kofi ɗaya a ɗaga gwangwanin a jira. In yana ɗiga ta ƙasa, robar da ke toshe sandar ta mutu, kuma samun gwangwani daidai da injin ya fi samun injin wuya. A juya sandar da hannu, ta juya ba tare da ƙara ba. Sannan a jona: shirin kwaɓi na minti biyar don a ji mota da bel, shirin gashi na minti biyu don a ji zafi ya taso. Mai shagon da ya ce babu gwaji, a yi masa sallama. Littafin in babu, a rubuta sunan injin da lambarsa a intanet, galibi ana samu.

Fulawa, yis da awo

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin mudu ba ɗaya ba ne, olonka ma haka. Kofi ɗaya na fulawa zai iya zama gram 120, zai iya zama 150, gwargwadon yadda aka danna shi. A tuwo wannan ba komai ba ne, hannu zai gyara. A injin burodi shi ne bambancin burodi mai laushi da bulo. Ƙaramin sikelin kicin mai batir ya fi duk wani madanni da ke jikin injin muhimmanci.

Fulawar ta zama mai ƙarfi, irin wadda gidajen burodi ke saye, ba mai laushin nan ta kek da cincin ba. In akwai rubutu a jikin buhun, a nemi mai furotin kashi 12 cikin 100 ko sama. Yis kuma busasshe mai ƙananan ƙwayoyi wanda ake zubawa kai tsaye a fulawa. Saf-instant kala biyu ne: mai jan rubutu na burodi mai ƙarancin suga, mai ruwan zinare na mai zaƙi sosai. Da an fasa fakitin a juye a kwalba mai murfi a sa a firji, don zafi da laima na kashe shi.

Ga awon da nake yi wa injin gram 900: ruwa mililita 310, man gyaɗa ko bota cokali 2 na cin abinci, suga cokali 2, madarar gari cokali 2, gishiri cokali ɗaya da rabi na shayi, fulawa gram 500, yis gram 5. Ruwa da mai su ne a ƙasa, sai gishiri da suga, sai fulawa ta rufe ruwan, a yi ɗan rami a samanta a zuba yis. Wasu injinan Panasonic da yis ake farawa, ruwa a ƙarshe, don haka a bi littafin. Ko ta wace hanya, kada yis ya taɓa ruwa ko gishiri kafin injin ya fara juyawa. In shuga burodi ake so, a kai sugan gram 70, a kankara 'yar gyaɗar ƙamshi, a zaɓi shirin mai zaƙi da gashi mara duhu, don suga na saurin ƙona ɓawo.

Littattafan injinan don ƙasashen sanyi aka rubuta su, shi ya sa suke cewa a sa ruwan ɗumi. A zafinmu ruwan randa ya isa, a bazara ma na firji. In ɗaki ya yi zafi kwaɓi na tashi da gaggawa, ya wuce ƙa'ida, ya faɗa a tsakiya lokacin gashi. Duk burodin da ya fito da rami a sama, a rage yis kaɗan ko ruwa cokali ɗaya zuwa biyu. Wanda ya fito gajere mai nauyi, ko yis ya mutu, ko fulawar ba ta da ƙarfi, ko ruwa ya yi kaɗan. Lokaci ma na canza awo: da hunturu fulawa ta bushe tana neman ƙarin ruwa, da damina, musamman a garuruwan bakin teku irin su Lome da Duwala, ta riga ta sha laima.

Maganin duk wannan ɗaya ne. Bayan minti goma da fara kwaɓi, ki ɗaga murfi ki leƙa. Ki ga dunƙule guda mai santsi yana zagaya gwangwanin, in kin taɓa ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana malalewa a ƙasa, ƙara fulawa cokali ɗaya. In ya tsattsage injin yana nishi, ƙara ruwa cokali ɗaya. Buɗe murfi a wannan lokacin ba ya ɓata komai. Lokacin tashi na ƙarshe da gashi ne ba a buɗewa.

Garin alkama irin na alkubus yana shiga, amma a fara da rabi da rabi da fulawa, a ƙara ruwa kaɗan. Garin gero ko dawa ma yana ba da ƙamshin gida, sai dai ba su da danƙon da ke riƙe iska, don haka kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar. Gishiri kuma a rage in ana so, amma kada a cire shi gaba ɗaya, shi ke ja wa yis linzami.

Azumi, ajiya da wanki

Abin da na fi so a injin nan agogonsa ne. Ana iya zuba kaya a sa ya gama bayan awa da yawa, galibi har 13. Da azumi ina zuba kaya bayan asham wajen ƙarfe 9, in sa awa 7, ƙarfe 4 na asuba burodi mai zafi na jiran sahur. Amma a irin wannan jiran ba a sa ƙwai ko ɗanyar madara, don za su lalace a zafi kafin injin ya tashi. Madarar gari ce ke jurewa. Kuma a unguwar da wuta ke ɗaukewa da dare, gara a gasa da yamma a ajiye. Shirin kwaɓi zalla kuwa yana hutar da hannu wajen gurasa, alkubus, donot da bofurot na buɗa-baki, musamman ga iyayenmu masu ciwon kafaɗa.

Da ya gama a juye burodin, kada a bar shi ya yi gumi a ciki. A zaro fiffiken in ya maƙale a gindinsa, don ta nan yake ɓacewa, wani lokaci har a ba da shi sadaka cikin burodi. A bar shi ya huce awa ɗaya kafin yanka ko sa wa a leda. Tunda babu maganin hana lalacewa a cikinsa, kwana biyu zuwa uku yake yi, da damina ma fumfuna na iya riga haka. Wanda ba za a ci ba a yanka a sa a firiza. Wanda ya kwana biyu a tsoma a ƙwai a soya, yara ba sa barin ko ɓurɓushi.

Gwangwanin ba a nutsa shi cikin ruwa, ba a dirje shi da soson ƙarfe, ba a ɓamɓaro burodi da wuƙa. A zuba ruwan ɗumi a ciki na 'yan mintoci, a goge da soso mai laushi, a shanya. A faɗa wa duk mai wanke-wanke a gidan, don yawancin gwangwanayen da suka mutu wajen wanki suka mutu. Jikin injin na yin zafi lokacin gashi, a ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa, a tsakiyar tebur mai ƙarfi, don yakan ɗan yi tafiya in yana kwaɓi.

Wadda wutar unguwarsu ke zama, gidanta bai wuce mutum takwas ba, ana cin burodi kusan kullum, kuma za ta iya sayen fulawa da yawa, ta saya, ta haɗa da sikeli a rana ɗaya. Wadda wutarsu zuwa take da tafiya, ko gidanta ya cika da jama'a, kuɗin ya fi mata amfani a oben na gas. Allah ya sa albarka a abin da muke ci, ya ba da kasuwa.